Albarushi da Yadi Dubu: Tarihin Gasar Harbin Nesa a Ingila da Amurka

Gabatarwa

A wannan maƙala za mu bi sawun wata gasa da ta samo asali daga tsoron yaƙi, ta bunƙasa, ta dushe, sannan ta farfaɗo bayan kusan shekara ɗari. Gasar ita ce ta harbin allo daga nisan yadi 800 zuwa 1,000 da bindigar albarushi. Albarushi ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, domin duk wanda ya taɓa kallon hawan salla ya ji ƙarar 'yan bindigar sarki, ya kuma ga farin hayaƙin da ke turnuƙewa bayan sun buga. Irin wannan gari ne, wato haɗin gawayi da farar wuta da wani gishiri mai ciyar da wuta, Turawa suka yi ta gwada gwanintarsu da shi a ƙarni na 19. Manufarmu ita ce mu ga abin da ya haifar da gasar, da abin da ya kashe ta, da kuma abin da masu raya ta suka zaɓi su tuna.

Mafarin Gasar a Ingila

A shekarar 1859 jama'ar Ingila sun shiga fargabar cewa Sarki Napoleon na Uku na Faransa zai ƙetaro ruwa ya auka musu. Wannan ya sa aka kafa rundunonin 'yan sa-kai, aka kuma kafa ƙungiyar maharba ta ƙasa don a koya musu saiti. A watan Yuli na 1860 aka buɗe gasar farko a filin Wimbledon da ke gefen Landan. Sarauniya Victoria ce ta yi harbin farko, inda ta ja igiyar da aka ɗaura wa kunamar wata bindiga ƙirar Whitworth da aka riga aka saita, harsashin ya sami allo daga yadi 400. Wani matashi, Edward Ross, shi ya ci kyautar Sarauniya ta fam 250 a shekarar.

Daga 1862 aka fara gasar Garkuwar Elcho tsakanin Ingila da Sikotilan, daga baya Ailan ta shigo. Bindigogin da ake takara da su duk masu ɗuri ta baki ne: a zuba albarushi, a tura harsashin darma da sanda har ya zauna. Bambancinsu da bindigar toka shi ne zane mai murɗewa da aka sassaƙa a cikin bututunsu, wanda ke sa harsashi ya tafi yana juyawa, don haka ba ya karkacewa.

Karawar Creedmoor ta 1874

A Amurka ma yaƙi ne ya haifi gasar. Yaƙin basasa na 1861 zuwa 1865 ya nuna cewa sojoji da yawa ba su iya saiti ba, shi ya sa William Church da George Wingate suka jagoranci kafa ƙungiyar maharba a 1871, aka kuma buɗe filin Creedmoor a tsibirin Long Island a 1873. A wannan shekara ce mutanen Ailan suka ci Garkuwar Elcho, sai shugabansu, Manjo Arthur Leech, ya buga takardar ƙalubale a jaridar New York Herald yana neman Amurkawa su fito a gwada. Sharaɗinsa shi ne su yi harbi da bindigar da aka ƙera a ƙasarsu.

Amurkawa ba su da irin wannan bindiga a lokacin, ba su kuma saba harbi daga yadi dubu ba. Kamfanonin Remington da Sharps suka ƙera musu sababbi masu ɗuri ta baya, alhali masana na Ingila sun tafi a kan cewa mai ɗuri ta baki ce kawai ke iya wannan nisa. Dokar gasa ta ce nauyin bindiga kada ya wuce laba 10, kuma ba a yarda da madubin hangen nesa ba. Allon kuwa faɗinsa ƙafa 12, tsayinsa ƙafa 6, baƙin tsakiyarsa ƙafa 3, wanda ya same shi yana da maki 4.

Ranar 26 ga Satumba 1874 aka kara, mutum shida-shida, kowa da harbi 15 a kowane zango na yadi 800 da 900 da 1,000. Amurkawa suka fara da rinjaye, mutanen Ailan da bindigoginsu ƙirar Rigby suka yi ta cim musu yayin da nisa ke ƙaruwa. Wani daga cikinsu, Milner, ya sami tsakiya, amma a allon da ba nasa ba, saboda haka ba a ba shi ko maki ɗaya ba. Da ya rage harbi ɗaya tak, Ailan na da 931, Amurka na da 930. John Bodine, wanda kwalba ta yanke shi a hannu jim kaɗan kafin nan, ya kwanta ya sami tsakiya. Aka tashi 934 da 931. Da harbin Milner ya shiga lissafi, da Ailan ce ta ci da maki ɗaya. Amurkawa sun sake cin nasara a Dollymount ta Dublin a 1875, a 1876 kuma suka ci Kofin Palma, a gaban Ailan da Sikotilan da Ostireliya da Kanada.

Wahalar Wannan Harbi

Idan albarushi ya ƙone, fiye da rabinsa ba ya zama iska. Wani ya fita hayaƙi, wani ya maƙale a bututu ya bushe. In ba a goge ba, harbi na gaba ba zai bi hanyar na baya ba. Harsashin kuma nauyi gare shi da rashin sauri, yana ɗaukar kimanin sakan 3 kafin ya ci yadi dubu, a tsakiyar tafiyarsa yakan tashi sama da ƙafa 30 kafin ya gangaro. A cikin wannan lokaci iska kaɗan ta isa ta kau da shi daga allon gaba ɗaya. Don haka gwani sai ya iya karanta tutocin iska da kawalwalniya, ya kuma auna garinsa daidai wa daida. Da yawa daga maharban lokacin rigingine suke kwanciya, su ɗora bututun a kan ƙafafunsu don ya tsaya cik.

Dushewa da Farfaɗowa

A 1884 Paul Vieille na Faransa ya haɗa gari marar hayaƙi, a 1887 sojojin ƙasarsa suka karɓi bindigar Lebel mai amfani da shi. Sabon garin ya fi ƙarfi da tsabta, nan take zamanin albarushi ya fara shuɗewa. Kamfanin Sharps ya riga ya rufe tun 1881. Gasar Ingila ta koma Bisley a 1890, filin Creedmoor kuwa daga ƙarshe asibitin masu taɓin hankali aka gina a wurin.

Masu iya magana sun ce tsohuwar zuma da ita ake magani. A rabin ƙarshe na ƙarni na 20 masu sha'awa suka koma ga tsohon salo, kamfanoni irin su Shiloh a jihar Montana da Pedersoli a Italiya suka shiga ƙera kwaikwayon bindigogin da. Fim ɗin Quigley Down Under na 1990 ya ƙara wa abin farin jini, har aka fara wata gasa da sunansa a Montana. Waɗannan mutane suna da bindigogin zamani a hannu, amma wahalar tsohuwar ce ke jan su, domin a nan ne ake bambance hannun gwani da aikin na'ura.

Kammalawa

Akwai wani ɓangare da bai kamata a binne ba. A cikin shekarar 1874 ɗin nan, wata uku kafin karawar Creedmoor, mafarautan ɓauna masu ɗauke da Sharps sun gwabza da ƙabilun Comanche da Kiowa da Cheyenne a Adobe Walls ta Texas. A nan ne aka ruwaito Billy Dixon ya kayar da wani mahayi daga yadi 1,538, harbin da har yau masu gasa ke ambato da alfahari. Ƙabilun sun fito ne don kare garkunan da rayuwarsu ta dogara a kai. Ɓaunan da a da ake ƙidaya su da miliyoyi, zuwa 1889 ba su wuce kimanin dubu ɗaya ba.

Ba mu ga laifin wanda ya kwanta a fili yana auna allo ba, domin wasa ne na haƙuri da lissafi. Abin da muke cewa shi ne, wanda ya ɗauki bindigar 1874 ya ɗauki tarihinta duka. Maki 934 na Creedmoor da ƙasusuwan ɓauna da suka cika filayen Texas, bindiga iri ɗaya ce ta samar da su, kuma ɗalibin tarihi wajibi ne ya rubuta su a shafi guda.