Buɗin daji da takardar izini: farauta da su a ƙasar Ƙwanni

Tun kafin Turawan Faransa su ƙone Birnin Ƙwanni a 1899, farauta tana da doka a wannan ƙasa, ko da yake ba a rubuce take ba. Daji a rufe yake tun daga saukar damina har a kawar da amfanin gona. Sai Azna sun yi buɗin daji, irin wanda Masalata ta yi suna da shi, sannan mahalba su fita da kwari da baka, samari su bi su da karnuka da gora. Masu ganin wannan biki tsafi ne kurum sun manta da amfaninsa: watannin hani su ne lokacin da zabin daji ke ƙyanƙyasa, ciyawa kuma ke ɓoye ƴaƴan barewa da gada.

Abin da ya karya wannan tsari ba ɗaya ba ne. Bindiga ta yawaita, gonaki suka cinye saura daga Bazaga har Malbaza, farin 1973 da na 1984 suka ƙarasa abin da ya rage. Gwamnati ta rufe farauta a 1974. Daga baya dokar 29 ga Afrilu 1998 ta tsara ta da takardar izini da lokacin buɗewa da jerin namun da aka haramta kashewa. Wato hukuma ta komo ga dabarar kakanni, amma bayan daji ya riga ya yi shiru. Wanda ya fita yau, in ya dawo da zomo ko fakara, ya gode Allah.

Abin mamaki, ruwa ne ya samu ƙaruwa. Tabkin Ɗan Dutsi, wajen Bagaruwa a tsohuwar ƙasar Illela, ya cika a 1974 ya daina ƙafewa, aka zuba masa kifi, har ya shiga jerin Ramsar a 2005. Madatsun Mozage da Zango, da aka gina a kan Magiya domin noman rani na Ƙwanni, su ma sun ba da tarwaɗa da karfasa. Manoman da kakanninsu ba su san taru ba suka koyi su. Sai dai yashi da laka na cike waɗannan ruwaye kowace damina, kuma koma mai ƙananan idanu ba ta barin ɗan kifi ya girma.