Yadda aka fanshi Blender da karo-karo

Matasanmu masu koyon zane a kwamfuta sun san Blender, manhajar da ake ƙera hotuna masu motsi da mutanen cikin wasannin bidiyo da ita. Muna sauke ta ba ko dala, har mukan ɗauka daga sama ta faɗo. To, fansar ta aka yi, da tsabar kuɗi.

Wani ɗan ƙasar Holan, Ton Roosendaal, shi ya fara rubuta ta a 1994. A 1998 ya kafa kamfanin NaN don ya yi kasuwarta. Masu jari suka zuba kuɗi, ciniki ya ƙi, farkon 2002 kamfanin ya karye. Blender ta koma kamar kayan jingina: wanda ya ƙera ta na kallo, masu aiki da ita na kallo, makulli na hannun masu jari.

Ton bai haƙura ba. Ya sasanta da su kan yuro 100,000, wato miliyon 65 da ɗoriya na kuɗinmu sefa, in an biya su saki asalin rubutun manhajar ga kowa. Ranar 18 ga Yuli 2002 aka buɗe asusu a intanet. Ku tuna fa, lokacin babu Facebook, babu WhatsApp da za a yi ta yayatawa. Masu zane ne warwatse cikin ƙasashe, galibi ba su taɓa ganin juna ba, kowa ya tura abin da ya sawwaƙa. Cikin sati bakwai kuɗi suka cika. Ranar 13 ga Oktoba aka saki Blender, kowa na iya ɗauka, ya gyara, ya raba.

Sai dai fansa sau ɗaya ce, riƙo kuwa na kullum ne, masu gyaran ma suna cin tuwo. Blender tana da injin haɗa wasanni nata, da shi aka yi wasan Yo Frankie! a 2008, amma ya rasa isassun masu kula da shi, aka cire shi a 2019. A shekarar ce kamfanin Epic Games, mai wasan Fortnite, ya ba da dalar Amurka miliyon 1.2. Ba sadaka zalla ba ce a ganinmu, masu yi musu wasanni na morar Blender.

A 2025 fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya, wanda aka yi da Blender, ya ci kyautar Oscar.