Yadda Anini Ya Sha Gaban Sule a Hannun Masu Tara Tsoffin Kuɗi



Har gobe Bahaushe in yana son ya nuna maka aljihunsa wayam ne, sai ya ce ba shi da ko anini. Mu da muka tashi a zamanin naira mun gaji wannan magana, amma da yawanmu ba mu taɓa riƙe aninin a hannu ba. Abin da ya ja hankalina shi ne, wannan ɗan kuɗi da kakanninmu suka mayar ma'aunin talauci, yau yana cikin waɗanda masu tara tsoffin kuɗi suka fi so, alhali sule, wanda a da shi ne sarkin kasuwa, sau da yawa sai su juya shi su ajiye.

Mu fara da lissafi, don ba za a gane zancen ba sai da shi. Anini 10 ne kwabo ɗaya. Rabin kwabo shi ne ɗari, wasu su ce sisin kwabo. Kwabo 3 toro, kwabo 6 sisi, kwabo 12 sule, sule 2 fataka ko dala, sule 20 kuma fam ɗaya. Wato sai ka tara anini 120 kafin ka haɗa sule guda, 2,400 kafin ka ga fam. Akwai kuma sunayen da lissafi ne kawai a baki, ba a buga musu tsaba ba, kamar ahu, wato kwabo da ɗari, da nai, wato kwabo 9. Marubucin da ya sa jarumarsa ta ciro nai guda daga bakin zaninta ya yi kuskure. Sisi da toro za ta ciro.

Me ya sa tun farko aka buga kuɗi ƙanƙani haka? Saboda wuri. Kafin zuwan Turawa da wuri ake ciniki a ƙasar Hausa, kalmar kuɗi ma jam'in wuri ce. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar ana canjin dalar azurfa ɗaya a kan wuri kusan 2,500. Wuri yana da nauyi, ƙirga shi kuma aiki ne, amma yana da fa'ida ɗaya babba: yana sayen ƙaramin abu. Mai son ɗan gishiri ko daddawar miyar dare ɗaya ba ya rasa abin biya. Da Turawa suka hana shigo da wuri a farkon ƙarni na 20, sai suka ga kwabonsu ya yi wa irin wannan ciniki girma. Dole aka raba shi gida goma.

A 1907 aka fara buga anini da kwabo masu ɗauke da sunan Najeriya da Afirka ta Yamma ta Ingila. An huda su a tsakiya don a riƙa zura su a zare. Gefe ɗaya tauraro ne mai tsini shida, ɗaya gefen kuma kambin sarauta da sunan Sarkin Ingila, ga darajar kuɗin an rubuta da haruffan Larabci, domin su ne mutanenmu ke iya karantawa a lokacin. To a nan ne anini ya samu abin da ya ɗaukaka shi a idon masu tarawa. Na 1907 da wani sashe na 1908 da alminiyam aka yi su, kuma suna cikin kuɗin farko a duniya da aka buga da wannan ƙarfe don mutane su kashe. Gwajin bai yi nasara ba. Gumi da laima da ƙasa suka riƙa cin ƙarfen, tun a 1908 aka koma gamin jan ƙarfe da nikel. Wannan rashin ƙarko shi ne ribar mai tarawa a yau, don samun aninin alminiyam da rubutunsa bai goge ba sai an tona.

Hujin nan ya sake yi wa ƙananan kuɗin wata rana a 1936. A shekarar ne Edward na Takwas ya hau gadon sarautar Ingila a watan Janairu, ya kuma yi murabus a Disamba, kafin kuɗi mai hoton kansa ya shiga hannun jama'a a ƙasarsa. Amma anini da ɗari da kwabo ba sa buƙatar hoto, tunda rami ne a inda fuska za ta zauna. Suna kawai aka sauya, aka buga, aka turo. Shi ya sa kuɗin da aka kashe a Kasuwar Kurmi ke ɗauke da sunan sarkin da mutanen Landan ba su taɓa kashe kuɗinsa ba. Baturen da ke son ya jera kuɗin kowane sarkin ƙasarsa, in ya zo kan wannan, yakan waiwayo wajenmu, ko Afirka ta Gabas, ko Fiji, ko Niyu Gini. Sai dai kada wanda ya tsinci kwabon 1936 a adakar kakarsa ya fara zancen sayen fili. An buga su da yawa, kuma ba su da tsada. Farin jini ne da su, wanda kuwa daban yake da ƙaranci.

Sule fa? Labarinsa ya bambanta. Bayan an kafa hukumar kuɗin Afirka ta Yamma a 1912, wadda ta haɗa Najeriya da Gwalkwas, wato Gana ta yau, da Saliyo da Gambiya, a 1913 aka fito da toro da sisi da sule da fataka na azurfa. Sule mai hoton bishiyar kwakwar manja shi ya zama kuɗin haraji da jangali da albashi da cinikin gyaɗa. Da azurfa ta yi tsada bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, a 1920 aka daina yin su da ita, aka koma gamin tagulla. Mutane ba wawaye ba ne: suka ɓoye na azurfar, suka riƙa kashe sabon. Da yawa daga na azurfar sun ƙare a hannun maƙeran fari, sun zama zobba da awarwaro. Sabon kuma masu buga jabu suka sa shi gaba, har a 1938 aka sake masa gami, aka yi masa wata kwarmi a kewayen baki don a wahalar da su.

Saboda haka mai tarawa ba ya cewa yana son sule kawai. Zai tambaye ka na wace shekara. Na kafin 1920 yana da masoya, ko don azurfarsa. Na bayan nan kuwa sun yi yawa, kuma yawancinsu sun sha hannu har sun zama sumul. A nan ne wasu ke ɗauko gilashin ƙara girma suna neman ɗan harafin da ke nuna masana'antar da ta buga kuɗin, kamar H ko KN, duka biyun a Birmingham suke. Kuɗi biyu masu shekara ɗaya da kama ɗaya, harafin nan kaɗai kan raba farashinsu nesa.

Babbar dalar azurfa mai hoton Mariya Tareza ta Ostiriya ita ce ta fi ruɗin mutane. Wanda ya gan ta, ga nauyi kusan giram 28, ga 1780 a jikinta, sai ya ɗauka ya tsinci dukiya. Alhali 1780 shekarar rasuwar sarauniyar ce, kuma an ci gaba da buga dalar da wannan shekara ɗaya tak har zuwa zamaninmu, don 'yan kasuwar Afirka da ƙasashen Larabawa ba sa yarda da wadda aka sauya wa kama. Mafi yawansu darajarsu ba ta wuce ta azurfar da ke jikinsu da wani abin kirki ba.

Ni dai in za a ba ni zaɓi, ba anini zan fara ɗauka ba. Jerin 1959 zan nema, wanda Najeriya ta buga da sunanta a shekarar da Babban Banki ya fara aiki: toro mai kusurwa 12 da hoton auduga, sisi mai koko, sule mai kwakwa, fataka mai gyaɗa. A wajen ƙwararru ba su da wani tsada, amma ka shimfiɗa su a tafin hannu ka ga abin da ƙasar ke ci da shi kafin fetur. Da naira ta zo ranar 1 ga Janairu 1973, sai ga hasumiyar haƙar mai a jikin sabon kwabo, dalar gyaɗa kuma a jikin kwabo 25. Sunayen ma ba su mutu ba. Kwabo 10 ya gaji sunan sule, kwabo 5 ya zama sisi, anini kuma ya koma kafaɗar hafsan soja. A Nijar har yanzu da dala ake ƙirga sefa, kowace dala sefa 5.

Mai rubuta labarin da ya faru a 1945, ya tuna yarinyar da aka aika sayen ƙuli anini za a ba ta, sule kuwa abin da magidanci zai ƙulle ne a lalita. Wanda kuma ya ci karo da irin waɗannan kuɗi a gida, don Allah kada ya goge su da toka ko lemon tsami wai don su yi ƙyalli. Masu saye sun fi son su da duhunsu na shekaru, wanda aka goge kuwa farashinsa faɗuwa yake yi.