Daga Ƙahon Wanzami Zuwa Robar Asibiti: Tarihin Fitar da Cuta a Birnin Zazzau

Tun kafin Bature ya doshi ganuwar Zariya, Zage-zagi sun yarda cewa abin da ya taru a jiki ya rasa mafita shi ne ke zama cuta. A kan wannan fahimta wanzamai suka gina rabin sana'arsu. Wanzami kan kafa ƙaho a bayan majiyyaci, ya zuƙe iskar ciki da bakinsa, ya toshe 'yar kafar da ke tsinin, har fata ta tasa. Sai ya cire, ya yi tsaga da aska, ya sake kafawa domin jawo abin da ake kira mataccen jini. Idan kuwa ƙurji ne ya nuna, sai a yi masa sakiya da ƙarfe mai zafi, mugunya ta tsiyaye. Zuƙowa da tsiyayarwa ke nan, ginshiƙai biyu da likitancin zamani bai rabu da su ba har yau.

Abin da zabirar wanzami ta gaza kaiwa gare shi shi ne can cikin jiki: ƙirji, ciki da mafitsara. Wannan giɓi aka yi ta cikewa a Turai da Amurka. A 1875 wani likita a birnin Hambug na Jamus, Gotthard Bülau, ya zura bututu a ƙirjin majiyyaci, ya nutsa ɗaya bakin a kwalbar ruwa, ta yadda mugunya za ta fita amma iska ba za ta koma ba. A 1907 Sidney Yankauer na Amurka ya ƙera bakin bututun da ake zuƙe jini da majina da shi yayin tiyata. A shekarun 1930 kuma Frederic Foley ya fito da robar fitsari mai ɗan balan-balan a kai, wanda ake cikawa da ruwa don ya riƙe ta cikin mafitsara.

Likitancin da ya haifi waɗannan kayan ya shigo Zariya a hankali. Dakta Walter Miller na mishan ya zauna cikin birni a 1905, zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi, yana ba da magani. A 1929 mishan ta koma Wusasa, inda asibiti ya kafu. Bayan buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, asibitin Tudun Wada ya zama wurin horar da likitoci. Amma tsakanin ƙofar gida da ƙofar asibiti akwai tazarar da ba a auna ta da mil: tsoron wuƙar likita, kunya, rashin kuɗi, da jiran izinin maigida.

Babu wanda ya ɗanɗani kuɗar wannan tazara kamar mai naƙuda. Tsakanin 1976 da 1979 Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitin Zariya, suka buga sakamakon a 1985. Binciken ya nuna cewa matan da ba su je awon ciki ba, waɗanda aka kawo bayan al'amari ya ɓaci, su ne suka fi mutuwa nesa ba kusa ba. Cikin waɗanda suka tsira, wasu sun tashi da yoyon fitsari. Dalilinsa a fili yake: idan naƙuda ta yi tsawo, kan jariri yakan danne mafitsara a jikin ƙashin ƙugu, jini ya daina kaiwa wurin, naman ya mutu, ya bar kafa. Abin da kan biyo baya kuwa shi ne wari, ƙyama, wani lokaci har da saki.

A nan ne robar Foley ta nuna darajarta. Dakta Kees Waaldijk, ɗan ƙasar Holan da ya soma gyaran masu yoyon fitsari a Babbar Ruga ta Katsina a shekarun 1980, ya nuna cewa idan aka sa wa mace robar da zarar yoyo ya fara, aka bar ta makonni huɗu zuwa shida, ƙaramar kafa takan iya haɗewa ba tare da tiyata ba, domin mafitsarar da ba ta cika ba tana samun hutun warkewa. A yau asibitin Hajiya Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan na cikin wuraren da ake kula da irin waɗannan mata.

Sai dai robar ba laya ba ce. Idan ta daɗe babu tsafta, ita kanta takan zama hanyar ƙwayoyin cuta, kamar yadda aska ɗaya a jikin mutum goma kan yaɗa ciwon hanta. Injin zuƙe majina kuma ba ya motsi idan babu wuta.

Darasin wannan tarihi shi ne, Zazzau ba ta taɓa rasa sanin cewa cuta na bukatar mafita ba. Abin da ta sha rasawa shi ne haɗuwar majiyyaci da kayan aiki masu tsafta a kan kari. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Robar da kuɗinta bai taka kara ya karya ba tana iya ceton mutuncin mace idan ta same ta a makon farko, alhali bayan shekara sai wuƙar gwani.