Daga Ragaya Zuwa Kabad: Tarihin Kusurwar Sama a Kicin na Ƙasar Kabi

A yawancin sababbin gidajen Birnin Kebbi akwai wuri guda a kicin wanda aka biya kafinta kuɗinsa cif, amma ba a cin moriyarsa. Wurin shi ne kabad ɗin sama da ke kusurwa, inda bango biyu suka haɗu. Bakinsa ƙarami ne, cikinsa da zurfi, hannu ba ya kai wa ƙarshensa sai an taka kujera. Abin da aka tura ciki yakan ɓace wa ido, sai ranar da aka ci karo da gari ya yi tsutsa ko kyankyasai sun yi sheƙa. Wannan matsala baƙuwa ce a ƙasar Kabi, tarihin zuwanta kuma shi ke nuna hanyar maganinta.

Ɗakin da Bakabe na karkara ya gada, kamar na sauran ƙasar Hausa, kago ne: zagayayyen ginin laka mai jinkar ciyawa, wanda ba shi da kusurwa ko ɗaya. Soraye da shigifu masu kusurwa huɗu sun daɗe a birane, tun daga Surame ta Muhammadu Kanta a ƙarni na 16, zuwa Birnin Kebbi da mayaƙan jihadi suka ci a 1805, zuwa Argungu inda sarautar Kabi ta zauna daga baya. Amma ko a irin waɗannan gidaje, girki aikin tsakar gida ne. Murhu duwatsu uku ne a sarari, madafa kuwa mafaka ce ta lokacin damina. Kusurwar ɗaki ta randa ce da tulu, abubuwa masu nauyi da ke son sanyin ƙasa.

Duk da haka matan Kabi sun san darajar sama, domin zama a kwarin Rima ya koya musu. Fadamar da ke ba da shinkafa da kifi ita ce ke kawo danshi da ambaliya, ga gara, ga ɓera, ga kaji da awaki a tsakar gida. Abin da aka bari a ƙasa rabonsu ne. Saboda haka aka ɗora rumbu a kan duwatsu, aka kuma ƙirƙiri ragaya, wato saƙaƙƙiyar igiya da ake ratayawa a tsaikon jinka ko a jikin azara, a zaunar da ƙwaryar nono, ko fura, ko sauran tuwo a cikinta. Zangarniyar gero da ta dawa da aka ware domin iri akan rataye su inda hayaƙi ke bugu, haka ma bandar kifi, wadda Argungu ta yi suna a kanta, domin hayaƙi na korar ƙwari.

Ragaya ta tsaya a kan ƙa'idoji uku. Na farko, abu marar nauyi ne kaɗai ke hawa sama. Na biyu, duk abin da ya hau, ido na ganinsa daga ƙasa. Na uku, kayan ne ke saukowa wurin mai shi, ba ita ke hawa neman su ba. Iska kuma na ratsa ta ta ko'ina.

Sauyi na farko ya zo ta hanyar jeren amarya. Ƙore da akusa sun ba tasoshin tagulla wuri, su ma a zamanin mulkin mallaka suka ba kwanonin langa wuri, waɗanda kamfanonin Turawa suka riƙa shigo da su, kafin a soma ƙera su a Najeriya. Jere dukiyar mace ce kuma shaidar gatan da iyayenta suka yi mata, shi ya sa ake tsara shi hawa-hawa har kusa da rufi domin baƙi su gani. Da kabad mai gilashi ya shigo ɗakin amarya, sai kwanoni suka koma cikinsa, daga baya faranti da kuloli suka biyo. Ƙofa ta zo, amma ƙa'idar gani ba ta mutu ba, gilashi ya riƙe ta.

Sauyi na biyu daga nesa ya taso. A 1926, wata mai zanen gine-gine 'yar ƙasar Ostiriya, Margarete Schütte-Lihotzky, ta tsara wani ɗan ƙaramin kicin domin gidajen ma'aikata a birnin Frankfurt na Jamus. Faɗinsa bai kai mita 2 ba, tsawonsa bai wuce mita 3 da rabi ba, an kuma yi kusan 10,000 irinsa. Dabararta ita ce a manne ma'ajiya a jikin bango, sama da ƙasa, domin a rage wa mai girki kai-komo. Wannan tsari ya bazu a Turai da Amurka, ya kuma taho da aibinsa: duk inda layin kabad biyu suka haɗu a kusurwa, sai a sami makahon lungu.

Wannan salo ya sami gindin zama a Birnin Kebbi bayan 27 ga Agusta, 1991, ranar da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato. Zaman garin babban birnin jiha ya jawo ma'aikata, aka gina rukunan gidajen bulo a unguwanni irin su Gesse da Gwadangaji, girki ya koma cikin ɗaki mai kusurwa huɗu, risho da gas suka soma maye gurbin itace. An karɓi kabad, an bar ragaya, amma ba a kwashe hikimarta an zuba a sabon mazubi ba. Hayaƙin da ke tsare abinci ya tafi, ƙofar katako ta tare ido da iska. Zafin girki kuwa sama yake tashi, a garin da zafin bazara kan haura digiri 40. Man gyaɗa da aka ajiye a can yakan sauya ɗanɗano, yaji ya rasa ƙamshi, gari ya zama abincin ƙwaro.

Maganin da masana'antun Turai da Amurka suka samo abin lura ne: faranti mai juyawa a kan ƙarfe, wanda ake kafawa cikin kabad ɗin kusurwa, da an taɓa shi sai abin da ke baya ya zagayo gaba. Lissafi ya nuna da'irar da aka zana cikin murabba'i tana cin kusan kashi 79 cikin 100 na filinsa. Ana asarar kusan kashi ɗaya cikin biyar, amma sauran duka hannu na kai wa gare shi. Wato bayan doguwar tafiya, an dawo ga siffar faifai da kago, da kuma ƙa'idar ragaya ta uku.

Wanda zai gina kicin yau, ko uban da ke haɗa wa 'yarsa kayan ɗaki, yana da zaɓi tun kafin kafinta ya yanka katako. Ana iya karkata ƙofar kusurwa ta fuskanci mai girki domin bakin ya faɗaɗa, ko a sa mata gilashi, ko a bar wurin a buɗe da katakai hawa biyu ko uku. Inda an riga an gina, babban tire zagayayye ko kwando mai mariƙi na iya yin aikin farantin, a jawo shi gaba ɗaya a zaɓi abin da ake so. Abin da ya dace da can sama shi ne marar nauyi, marar lalacewa, wanda ba kullum ake nemansa ba: kulolin biki, manyan farantan Sallah, rariya, faifai da ƙore. Mai, gari, daddawa da kayan yaji na yau da gobe su zauna ƙasa-ƙasa, nesa da wuta, daidai idon mai girki. 'Yan ƙugiyoyi a ƙarƙashin kabad ɗin kuma za su ɗauki ludayi, mara da kofuna.

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani. Tsohon gidan sarautar Argungu, wanda ya zama Gidan Tarihi na Kanta tun 1958, yana adana kayan yaƙi da na su da na noma na Kabawa. Hikimar matansu ta ajiyar abinci kuwa ba ta buƙatar gidan tarihi tukuna, domin har yau ragaya na rataye a ɗakunan ƙauyukan bakin gulbi, 'yar tafiya kaɗan daga kabad ɗin da aka manta abin da ke cikinsa.