Yaushe Za A Yi Gwaji, Kuma Wane Gwaji? Nazari Kan Cututtukan Numfashi Na Bairos A Ƙasar Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta duba cututtukan numfashi uku da ƙwayar bairos ke haddasawa, wato infuluwenza da korona da RSV, ta fuskar lokacin da ya dace a gwada majiyyaci da irin gwajin da ya kamata a zaɓa. An dogara ne da ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya da kuma abin da aka sani game da rayuwar waɗannan ƙwayoyi a jikin ɗan Adam. Matsayin maƙalar shi ne, ba a yin gwaji sai in sakamakonsa zai sauya abin da za a yi wa majiyyaci ko waɗanda ke kusa da shi.

Gabatarwa

Bahaushe yana da kalma ɗaya, mura, wadda ya tattara ciwuka da yawa a ƙarƙashinta. Da hunturu ya kama, hazo ya rufe gari, kowane gida za ka ji tari da atishawa, kuma mafi yawan masu wannan mura sukan warke cikin mako guda da shayin citta da hutu. Matsalar ita ce a cikin taron masu murar akwai dattijo mai ciwon suga da infuluwenza ta kama, akwai jaririn wata biyu da RSV ya toshe wa ƙananan hanyoyin iska. Da ido ba a iya rarrabe su, domin zazzaɓi da tari da ciwon maƙogwaro na kowa ne.

Kano ta ga abin da rashin gwaji ke jawowa. An tabbatar da mutum na farko mai korona a jihar ranar 11 ga Afrilu, 2020, kuma cikin makonnin da suka biyo baya masu haƙa kabari suka fara kokawa da yawan gawarwaki. A watan Yuni Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mace-mace 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya kasancewa da hannun korona a ciki. Ta hanyar tambayar iyalan mamatan aka kai ga wannan ƙiyasi, bayan an riga an rufe su.

Ire-iren gwaji

Gwajin PCR yana neman ƙwayar halittar bairos ɗin ne, ya riɓanya ta sau miliyoyi har na'ura ta gan ta. Shi ne mafi kaifi, amma yana buƙatar ɗakin gwaje-gwaje da wutar lantarki da ƙwararren ma'aikaci. Na'urar GeneXpert, wadda asibitocin Nijeriya suka daɗe suna binciken tarin fuka da ita, tana yin wannan aiki cikin kimanin awa guda, kuma an yi amfani da ita wajen gwajin korona a 2020. Kaifin PCR ɗin kuma shi ne aibinsa: yana iya ci gaba da nuna korona har zuwa kwana 90 daga soma ciwon, ko da mutum ya warke, alhali ɓurɓushi ne kawai ya rage.

Gwajin gaggawa na antijin kuwa sinadarin furotin na jikin ƙwayar yake nema, kuma cikin minti 15 zuwa 30 layi ya fito ko bai fito ba. Sai ƙwayar ta yi yawa a hanci yake ganin ta. Na infuluwenza yakan gano tsakanin kashi 50 zuwa 70 ne kawai na masu ɗauke da cutar. Na RSV ya fi aiki a kan yara, saboda majinarsu ta fi ta manya cika da ƙwayar.

Akwai na uku, gwajin jini mai neman garkuwar jiki, wanda labarin jiya yake bayarwa, don haka ba shi da amfani ga wanda ke kwance yau.

Batun lokaci

A nan ne aka fi yin kuskure. Wanda ya yi cuɗanya da mai korona jiya, ya garzaya gwaji yau, kuɗinsa ya zubar, don ƙwayar ba ta hayayyafa ba tukuna. Shawarar da aka fi bayarwa ita ce ya jira kwana biyar idan bai ji komai ba. Wanda alamomi suka bayyana masa kuwa, nan take zai gwada, in bai ga komai ba ya maimaita bayan awa 48.

Infuluwenza ta fi gaggawa. Takan bayyana kwana ɗaya zuwa huɗu bayan kamuwa, kuma maganinta, oseltamivir, ya fi tasiri idan an fara shi cikin awa 48 da soma ciwon. Maganin korona na nirmatrelvir da ritonavir kuma cikin kwana biyar ake fara shi. Yanzu a kwatanta wannan da yadda majiyyacinmu yake zuwa asibiti. Ranar farko ya sha farasitamol. Rana ta biyu ya je kemis aka haɗa masa maganin maleriya da amoksisilin. Sai a rana ta biyar ko ta shida, da numfashi ya fara gagara, 'yan'uwa suka ɗauko shi a Adaidaita Sahu. A wannan lokaci ƙwayar ta ragu a hanci, gwajin antijin zai iya cewa babu, ga shi kuwa cutar ta riga ta sauka huhu. Irin wannan majiyyaci PCR ya kamata a yi masa, kuma idan lokacin yaɗuwar infuluwenza ne kuma an kwantar da shi, ba a jiran sakamako kafin a fara magani.

Abin da sakamako ke nufi

A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya cewa gwajin antijin na korona ya zama yana gano aƙalla kashi 80 na masu cutar, yana kuma wanke aƙalla kashi 97 na marasa ita. Mu ɗauki waɗannan alƙaluma mu yi lissafi a kan mutum 1,000. Idan cutar ta lafa, kashi 2 ne kawai ke da ita, gwajin zai kama 16 daga cikin 20, sannan ya laƙaba wa mutum 29 masu lafiya. Ke nan a cikin sakamako 45 masu nuna cuta, kusan biyu bisa uku ƙarya ne. Idan kuwa annoba ta yi ƙamari, kashi 30 suna ɗauke da ita, zai kama 240, ya yi kuskure a kan 21 kawai, amma ya sallami masu cutar 60 su koma cikin jama'a. Kayan gwajin bai sauya ba, garin ne ya sauya. Saboda haka a lokacin lafawa sakamako mai cewa akwai shi ne abin tabbatarwa da PCR, a lokacin annoba kuma mai cewa babu shi ne abin zargi.

Akwai kuma zafin rana, wanda ba kasafai ake lissafa shi ba. Yawancin kayan gwajin gaggawa an rubuta a kwalinsu a ajiye su tsakanin digiri 2 zuwa 30. Shagon kwano a Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu, lokacin da zafin inuwa ke haura 40, ya wuce wannan iyaka nesa ba kusa ba.

Wa za a gwada?

Saurayi lafiyayye mai yoyon hanci ba ya buƙatar gwaji, ya zauna gida ya huta. Waɗanda sakamako zai amfana su ne wanda aka kwantar, da mai juna biyu, da tsoho, da mai ciwon suga ko zuciya ko sikila ko asma, da ma'aikacin lafiya, da kuma makarantar kwana ko gidan yari inda ciwo ya tashi lokaci guda.

Batun yara ya fi ɗaure kai. Ƙiyasin da aka buga a mujallar Lancet a 2022 ya nuna RSV ya kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar kimanin 101,400 a 2019, fiye da kashi 97 daga cikinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Duk da haka sanin cewa RSV ne ba ya kawo wani magani na musamman. Oksijin da ruwa da nono ne ke ceton jariri. A ganina, a ƙaramin asibitin karkara agogo da na'urar auna oksijin ta ɗan yatsa sun fi kwalin gwaji daraja. Numfashin da ya kai ko ya haura 60 a minti ga jaririn da bai kai wata biyu ba, 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ko haƙarƙari na lotsawa, ko oksijin ƙasa da kashi 90: ko wanne aka gani, an san abin yi ba tare da tsinken auduga ya shiga hanci ba. Amfanin gwajin RSV a babban asibiti shi ne a raba gadaje, a kuma rage ɗura wa yara antibayotik ba gaira ba dalili.

Kada neman bairos ya sa a manta da maƙwabtansa. Tarin da ya kai mako biyu kakinsa za a gwada don tarin fuka. Ciwon maƙogwaro da farar fata a ganda da kumburin wuya mashaƙo ne har sai an tabbatar da akasin haka, musamman bayan ɓarkewar da ta fi tsanani a Kano a 2023. Gwajin maleriya kuma yana iya nuna akwai ga wanda ke ɗauke da ƙwayar ba tare da ita ce ta kwantar da shi ba.

Mutum ɗaya ne ba a yi wa wannan lissafi na riba da asara, shi ne mai kiwon kaji ko mai fige su a kasuwa da zazzaɓi ya kama bayan kaji sun yi ta mutuwa a hannunsa. A wata gona a jihar Kaduna aka fara tabbatar da murar tsuntsaye ta H5N1 a nahiyar Afirka, a Fabrairun 2006. Samfurin irin wannan majiyyaci PCR za a yi masa ko da ciwon bai yi tsanani ba, a kuma sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma a ranar, shi kuma ya isar wa hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC.