Zamananci a Rubutacciyar Waƙa: Amurka da Ƙasar Gwandu

A tarihin adabin Amurka, abin da ake kira zamananci ya kankama ne daga 1912, shekarar da Harriet Monroe ta kafa mujallar Poetry a Shikago. Marubuta irin su Ezra Pound sun yi kira da a sassauta wa waƙa ƙangin ma'auni da amsa-amo, a bar hoton da kalma ke zanawa ya ɗauki nauyin ma'ana. Bayan ɓarnar Yaƙin Duniya na Ɗaya, T. S. Eliot ya fitar da The Waste Land a 1922, waƙar da aka harhaɗa da gutsattsarin muryoyi da harsuna dabam-dabam. Ke nan a can, sabunta waƙa ya fi bayyana a rushe sigarta ta gado.

A ƙasar Gwandu lamarin ya bi wata hanya dabam. Tun da Shehu Usmanu ya danƙa wa ƙanensa Abdullahi sashen yamma na daula a 1812, Gwandu ta zama matattarar malamai masana aruli. Malam Abdullahi ya tara waƙoƙinsa na Larabci a Tazyinul Waraƙat a 1813, ya kuma rasu a 1829. Gadon da ya bari shi ne baiti mai ma'auni da amsa-amo, wanda ake rerawa domin wa'azi da karantarwa da adana tarihin jihadi.

Da ƙarni na ashirin ya kawo boko da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, sannan siyasar jam'iyyu, marubutan wannan ƙasa ba su yar da gadon ba. Alhaji Umaru Nassarawa, Wazirin Gwandu, ya ci gaba da tsara baitoci bisa ƙa'idar magabata. Aƙilu Aliyu, haifaffen Jega wanda ya zauna a Kano, ya shigar da siyasar NEPU da ilmin zamani da kishin harshen Hausa cikin waƙa, ya kuma ari karin makaɗan baka, kamar yadda ake gani a Fasaha Aƙiliya ta 1977. Jigo ya sabunta, kalmomi sun sabunta, ajami ya sami abokin tafiya, amma ma'auni da amsa-amo suna nan daram.

Dalilin wannan bambanci a fili yake. Waƙar Eliot ta fi dogara ga ido da takarda, ita kuwa rubutacciyar waƙar Hausa kunne take nema, domin sai an rera ta take isa ga jama'a, kuma rerawa ba ta yiwuwa sai da kari.

Saboda haka ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Birnin Kabi, wadda aka kafa a 2013 take kuma da mazauni a gefen Kalgo, na da aiki a gabansu. Wanda duk ya auna zamanancin waƙar Hausa da mudun Amurka zai yanke hukuncin cewa ba ta motsa ba. Wanda kuwa ya bi diddigin jigo da kari daga Abdullahi zuwa Aƙilu zai tarar da sauyi mai zurfi da aka yi shi cikin tsohon baiti.